Wasiƙa daga Kumasi: a bar yaranmu su zana giraf kafin a ɗora musu haddar fomula

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana da iyaye da malamai na Zangunanmu na Kumasi a nan Ghana, tun daga Aboabo, Asawase, Sawaba, Alabar har Moshi Zango, kai har 'yan'uwa na Nima da Mamobi a Accra in takardar ta kai gare su. Maganar lissafi ce, kuma ba lissafin duka ba, babi ɗaya ne da yaranmu na babbar sakandare, wato SHS, ke cewa kwadaratik, wato lissafin nan da x ke ninka kansa, a rubuta x², sai a ce maka nemo x ko kuma ka zana shi a takardar giraf. Na san wani zai ce haba, duk abin da ke damun Zango, ga kwatoci a cushe, ga zaman banza, ga ƙwaya ta shiga cikin samari, sai x² za a cika mana shafi da shi? To a daure a karanta, don wallahi wannan x² ɗin yana cikin abin da ke zaunar da yaranmu a gida.

Ni dai malamin lissafi ne, da rana ina aji, da dare kuma bayan isha'i yaran unguwa su taru mini a barandar makarantar allo da ke bayan gidanmu, wasu 'yan aji biyu, wasu 'yan aji uku masu shirin WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, wasu kuma sun riga sun rubuta bai yi ba suna jiran Nobdek, jarrabawar da ake sake rubutawa a ƙarshen shekara. Tun 2017 da aka fara SHS kyauta yaran Zango sun cika sakandare, maza da mata, alhamdulillahi, amma shiga daban fita da takarda mai amfani daban. Sakamakon 2025 kowa ya ji, a lissafin dole wanda kowane ɗalibi ke rubutawa ƙasa da rabi ne suka samu tsakanin A1 da C6, wato daga maki mafi girma zuwa ƙaramin kiredit, alhali a 2024 kusan kashi 67 cikin ɗari ne suka haye. Kuma iyaye da yawa ba su san cewa D7 da E8, makin da ke ƙasa da C6, ko da an ce yaro ya ci, ba za su buɗe masa ƙofar digiri ba, ko jami'ar Legon ta Accra ce ko jami'ar KNUST ɗinmu ta nan, haka kwalejin nas da ta malanta, kowa C6 yake nema a lissafi. Sai ka ga yarinya ta ci Turanci, ta ci komai da kyau, lissafi kaɗai ya riƙe ta, shekara ɗaya, shekara biyu ana biyan kuɗin remidiyal, wato darasin maimaita jarrabawa, daga nan uba ya gaji ya ce a yi mata aure, namiji kuma ya koma Suame wajen makanikai ko ya hau faragiya, keke mai ƙafa uku na haya.

Abin da nake so in faɗa guda ɗaya ne. Yaranmu ba daƙiƙai ba ne, yaron da ya riƙe izu sittin a ka ba za a ce masa ba shi da ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya faru shi ne an ba su wannan babi ta baya, an fara da fomular warware ax² + bx + c = 0, inda a da b da c lambobi ne, an sa su rera ta kullum, mainas b, fulos ko mainas, rut na b sukwaya mainas 4ac, duka bisa 2a, har ƙannensu na firamare sun iya waƙar, amma ba a taɓa nuna musu da ido me fomular ke nema ba. Yaro zai zuba lambobi ya fito da 3 da −1 ya ja layi biyu a ƙasa, ka ce masa to madalla, 3 ɗin nan da −1 su mene ne, a ina suke zaune, sai ya yi shiru yana kallonka. Ranar jarrabawa in ya manta alama ɗaya shikenan komai ya rushe, don ba shi da wani abu a ka da zai koma ya duba ko amsarsa ta yi kama da gaskiya. Ni a ganina zane ne ya kamata ya zo farko, fomula ita ce ta ƙarshe, gani ai ya kori ji.

Ka yi haƙuri Malam Edita in yi ɗan darasi a shafinka, ba zan iya nuna abin da nake nufi ba sai da lambobi. A ɗauki y = x² − 2x − 3. Yaro ya ja tebur, ya sa x daga −2 zuwa 4, ya lissafa y ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. In x ya zama −2, y zai ba da 5. A −1 sifiri. A sifiri −3. A 1 kuma −4. A 2 ya dawo −3, a 3 sifiri, a 4 kuma 5. To tun kafin fensir ya taɓa takardar giraf ina tsayar da su in ce ku karanta mini jerin nan da ƙarfi, 5, 0, −3, −4, −3, 0, 5, kuma kullum sai an samu wani daga baya ya ce malam ai ya sauka ne ya sake hawa ta inda ya biyo. Shikenan ya gano rabin babin. In ka ɗiga su a takarda ka haɗa, siffar ƙwarya za ka gani a zaune, gindinta a −4, gefen dama daidai da gefen hagu, in kuma akwai mainas a gaban x² to ƙwaryar a kife take. Inda bakinta biyu suka ratsa layin kwance, wato −1 da 3, su ne amsar nan da fomula ke wahalar nema. Ba wani sirri.

Amma kafin a kai nan akwai ramukan da yara ke faɗawa, kuma ramuka ne ƙanana masu ban takaici. Na farko kalkuleta. Yaro zai buga −2 ya danna sukwaya ba tare da ya sa shi a baka kamar haka (−2) ba, injin ya ba shi −4 maimakon 4, don shi injin 2 kawai ya ninka sannan ya manna mainas a gaba, sai y ta fito −3 a inda ya kamata 5. Duk ɓangaren hagu na tebur ya lalace, zane ya fito a karkace, kuma yaron da bai san siffar da yake jira ba haka zai haɗa abinsa ya miƙa, ransa fes. Wanda ya saba gani kuwa da ya ɗiga zai ce a'a wannan ɗigon ya fita daga layi, ya koma ya duba. Na biyu sikeli. Takardar giraf kowane babban gida santimita 2 ne, a ciki akwai ƙananan gidaje 10, in an ce santimita 2 su tsaya wa 1 to ƙaramin gida 0.1 ne, in an ce su tsaya wa 5 to ƙaramin gida 0.5 ne, wannan ɗan abin kaɗai na ga ya kayar da yara masu ƙoƙari sosai, don a layin kwance sikeli daban a na tsaye daban, su kuma su ƙirga duka iri ɗaya. Sai masu ɗaukar rula su haɗa ɗigo da ɗigo a miƙe abin ya fito da kusurwoyi, da masu fensir mai faɗin baki da ba a fiƙe ba, da masu goge takarda da kilina har ta huje. Ina ce musu ku juya takardar hannunku ya zauna ta cikin lanƙwasar, ku ja sau ɗaya a hankali. Akwai kuma inda gindin ba ya faɗowa kan lambar da ke tebur, misali x² − x − 2, a sifiri −2 a 1 ma −2, sai yaro ya ja layi a shimfiɗe tsakaninsu, alhali a 0.5 abin ya ƙara nutsewa zuwa −2.25. Duk wannan ba a koyonsa da kunne, sai hannu ya yi, ya ɓata takarda ya sake.

Yanzu a dawo kan fomular da ake tsoro. Duba zanen nan namu, tsakiyar −1 da 3 ina ne? 1. Daga 1 ka taka biyu dama ka samu 3, ka taka biyu hagu ka samu −1. To wallahi abin da fomula ke faɗa kenan ba ƙari. Mainas b bisa 2a shi ne tsakiyar, a nan 2 bisa 2, wato 1. Abin da ke cikin rut kuma, b² − 4ac, a nan 4 a tara da 12 ya ba da 16, rut ɗinsa 4, a raba da 2a ya zama 2, shi ne yawan takun. Fulos ko mainas ɗin da suke rerawa dama da hagu ne kawai. Ranar da yaro ya ga wannan da idonsa fuskarsa canzawa take, wasu har haushi suke ji su ce malam to me ya sa tun aji ɗaya ba a gaya mana haka ba. Daga nan sai in ce mu ɗaga zanen sama da taki huɗu, ya zama x² − 2x + 1, gindin ya zo ya taɓa layi a wuri ɗaya tak, a 1, ka duba cikin rut 4 a cire 4 sifiri, babu taku dama babu hagu. A ƙara ɗagawa ya zama x² − 2x + 2, zanen ya tashi bai taɓa layin ba sam, cikin rut ya zama −4, kalkuleta ta ce ba ta san zancen ba. Yaro da kansa zai gaya maka dalili, ai malam bai taɓa ƙasa ba ina za a samu amsa. Abin da ake ba su a haddace layi uku, in ya fi sifiri kaza in sifiri ne kaza in bai kai ba kaza, ga shi sun gani a zama ɗaya.

Kuma abin da ke ƙona mini rai, tambayar giraf ɗin nan tana yawan fitowa a takarda ta biyu ta WASSCE, a sashen da ake ba ka zaɓi, maki 12 ne zubar guda, kuma kusan kullum tsarinta ɗaya, cika tebur, zana da sikelin da aka ba ka, karanto amsa daga zanen, faɗi inda ya fi nutsewa, faɗi layin da ya raba shi biyu. Wani lokaci su ɗan murɗa, su ce yi amfani da zanenka ka warware x² − 2x − 1 = 0, wanda ba komai ba ne illa ka lura cewa ya fi namu da 2, sai ka ja layi a kwance a y = −2 ka duba inda ya yanka, wajen −0.4 da 2.4. Kyauta ce aka ajiye, amma yaranmu da sun ga kalmar giraf sai su tsallake su tafi wata tambaya mai wuyar gaske, saboda a shekara uku wasunsu sau ɗaya ko biyu suka taɓa riƙe takardar, wasu ma a allo kawai suka ga malam ya yi wani ɗan lanƙwasa da alli ya ce haka yake, ku kwafa.

Ba wai ina zagin malamai ba ne, ni ma a ciki nake, na san yadda aji yake. Tun da aka shigo da tsarin layi biyu a 2018 wasu suna makaranta wasu suna gida, lokaci ya matse, aji ya cika, silabus ga tsawo, malami ɗaya ba zai iya bin tebur-tebur yana duba ɗigon kowa ba, fomula kuwa minti goma ka rubuta ta a allo ka wuce babi na gaba. Na fahimta. Amma duk da haka ina roƙon 'yan'uwana malamai, darasi biyu kacal a ba zane kafin a ambaci fomula, lokacin da kake ganin ka ɓata zai dawo maka, don fasa lissafi gida biyu, irin (x − 3)(x + 1), da cika murabba'i, da fomular kanta, duk za su zo da sauƙi in yaro ya riga ya san inda za shi. Kalkuleta kuma ba na gaba da ita, Casio ɗin nan da kowa ke riƙewa in ka shiga wurin da ya dace ka zuba a da b da c za ta tofo maka amsa nan take, yana da kyau don dubawa, amma mai makin takarda ta biyu hanya yake bi yana ba da maki, amsa tsirara ba ta kai ka ko'ina.

Sai maganar da nake ji a majalisa, wai wannan duk me zai amfana wa mutum a rayuwa, wa ya taɓa sayen gari da x². To Hajiya mai shinkafa da wake a bakin titi tana yin kwadaratik kullum ba ta sani ba. A ce tana sayar da kwano a sidi 20 tana samun mutum 60, cinikinta 1,200. A ce kuma duk sidi ɗaya da ta ƙara mutum biyu za su koma wajen maƙwabciyarta. In ta kai 25 saura mutum 50, ciniki 1,250. In ta ga ai ƙari na da daɗi ta kai 30 saura 40, ciniki ya dawo 1,200 inda ta fara, a 35 kuwa 1,050 ta faɗi. Ya hau, ya kai ƙololuwa a 25, ya sauko ta inda ya hau, zanen nan ne dai a kife. Ita da gogewa ta san akwai inda in ka wuce ƙarin kuɗi asara ne, 'yarta da ke SHS ya kamata ta iya nuna mata wurin a takarda. Ko mai kiwon ragunan layya da ya sayo waya mita 40 zai kewaye musu wuri, in ya yi tsawo 18 faɗi 2 filin da ya samu 36 ne, in ya yi 15 da 5 ya samu 75, in ya yi 10 da 10 ya samu 100, waya ɗaya kuɗi ɗaya. Faifan dish da ke kan kowane rufi a Zango da wannan lanƙwasar aka ƙera shi don ya tattara sigina wuri guda, haka madubin cikin fitilar mota da 'yan Suame ke canzawa kullum, haka ƙwallon da gola ke bugawa sama a filin Baba Yara, hanyar da take bi kusan ita ce wannan, Galileo na Italiya ya rubuta haka tun 1638.

Akwai wata magana kuma da ta fi wannan nauyi, ita ce nake so malamanmu na makarantar allo da limamai su ji da kunnen basira. Har yanzu a wasu gidaje ana ɗaukar lissafin sukuu, wato boko, abin Nasara ne, na makarantar allo shi ne namu, yaro ya taso da rabuwar nan a zuciya. To wanda ya fara tsara wannan babi a littafi guda sunansa Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, a Bagadaza ya zauna zamanin halifa Ma'amun, wajen shekara ta 820 ya rubuta littafinsa na al-Jabr wal-Muƙabala, kuma a gabatarwa ya ce ya yi shi ne don abin da mutane ke buƙata a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa da haƙar magudanan ruwa, babban kaso na littafin ma lissafin wasiyya da gado ne. Sai a 1145 aka juya shi zuwa Latin Turawa suka karanta. Ba x a cikinsa ba alama ko ɗaya, da zance ya rubuta komai, kuma ya kawo misalin da har yau ake koyarwa, wanda a rubutunmu na yanzu shi ne x² + 10x = 39. Ya ce raba 10 biyu ka samu 5, ninka ta da kanta 25, tara da 39 ya zama 64, rut ɗinsa 8, cire 5 saura 3. Gwada ka gani, 9 da 30, 39 cif.

Amma bai tsaya a ka yi kaza ka yi kaza ba, sai da ya zana ya nuna dalili, nan ne nake so a lura. Ni a ƙasa nake yi wa yara da tsinke a gaban baranda. Ka zana murabba'i, kowane gefe x, wannan shi ne x². Goman nan ka raba ta biyu, ka manna fili mai faɗin 5 a gefen dama, wani mai faɗin 5 a ƙasa, duka ukun a haɗe 39 ne. Yanzu duba kusurwa, akwai gurbi ya rage, 5 da 5, wato 25, in ka cike shi ka samu babban murabba'i mai 64, gefensa 8, kuma gefen nan x ne da 5, to x nawa? Yaro ɗan ƙaramar sakandare ma zai ce 3. Wannan shi ne cika murabba'in da ake ba yaranmu a matsayin wasu matakai shida da za a haddace, alhali gurbi ne ake cikewa, duk birkila mai sa tayil zai gane shi kafin ka rufe baki. Shi Khwarizmi bai lissafa da lambar da ke ƙasa da sifiri ba shi ya sa bai kawo ɗaya amsar ba, −13, kuma giraf mai layin tsaye da na kwance daga baya ya zo, bayan aikin Descartes na Faransa a 1637, amma hanyar dai ita ce, a nuna wa ido tukuna. Kuma ko a ƙasar Hausa ba baƙonmu ba ne, Muhammad al-Kashnawi mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 littafi ya rubuta kan yadda ake gina hatimin lambobi, irin mai gida tara ɗin nan da kowane layi ke ba da 15, wanda malamanmu suka sani sarai. Malamin da ke zama ya raba gado, ya fitar da sumuni da sudusi da sulusi ya daidaita asalin mas'ala ba tare da kalkuleta ba, ta yaya za a ce jikansa ba zai iya x² ba? In liman ya faɗi haka sau ɗaya a kan mumbari ran Juma'a ya fi ni faɗa sau ɗari a aji.

Iyaye kuma ga naku. Littafin giraf da fensir da rula da abin fiƙe ba su kai kuɗin datar da ake zuba wa waya a mako ba, a saya, kuma kar a tsaya a saye, a ce kawo in gani. Ko ba ki yi sukuu ba Hajiya, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, za ki gane littafin da aka yi aiki a ciki da wanda yake fari fat tun aji ɗaya, za ki gane zanen da ya lanƙwasa sumul gefe da gefe daidai da wanda ya karkace. Ki ce ya nuna miki inda ya ratsa layi ya gaya miki da Hausa me hakan ke nufi, in ya iya faɗa miki da Hausa to ya gane, in ya ce ai wannan ba ya faɗuwa sai da Turanci to hadda ce. Sannan 'yan mata, don Allah a sassauta musu. Yarinya ta dawo daga aji, ta wuce makarantar allo, ta dawo ta hau wanke-wanke, ta tafi kai kaya kasuwar Kejetia ko ta zauna gadin tebur har goma na dare, yayanta namiji yana bakin titi yana kallon ƙwallo, sannan sakamako ya fito a ce ai mata dama ba su da kan lissafi. A cikin masu zuwa wurina mafi tsabtar zane mata ne, abin da suka rasa awa ɗaya ce ta kansu da fitila.

Abin da nake roƙon sarakunan Zango da kwamitocin masallatai ba kuɗi ne mai yawa ba. Azuzuwan makarantunmu na Islamiyya bayan isha'i a rufe suke, da benci da allo da wuta. Muna da 'ya'yanmu a KNUST da sauran jami'o'i masu karatun injiniya da likitanci da lissafi, suna dawowa hutu suna zaune. A buɗe aji ɗaya a kowace unguwa dare biyu a mako, a sa ɗaya daga cikinsu, a sayo takardar giraf bandir guda daga asusun masallaci, a yi allo ɗaya a ja masa gidaje da fenti don kar malami ya riƙa ɓata lokaci yana jan layi kullum. Wanda ke da babbar waya ya sauke manhajar GeoGebra, kyauta ce, ka rubuta lissafin ta zana maka, ka canza lamba ka ga zanen ya tashi ko ya sauka, amma sai bayan yaro ya yi nasa da hannu sannan ya duba, in aka fara da waya an koma gidan jiya. Kuma a daina tara wa yara kuɗi wai za a sayo musu tambayoyin da suka fita, kowace shekara ana riƙe sakamakon yara ana soke wasu saboda wannan, kuɗin ya tafi, shekara ta tafi, mutunci ya tafi.

Kai kuma Malam Edita, in da hali ka ba mu ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, a riƙa sa tambaya ɗaya ta lissafi da bayaninta da Hausa, ni da wasu abokan aikina mun yarda mu riƙa aikowa ba sai an biya mu ba. Ga ta farko ma in ka amince, duk gidan da ke da ɗan SHS a ba shi, y = x² − 4x − 5, ya ja tebur daga −2 zuwa 6, ya zana da santimita 2 ga kowane 1 a kwance da santimita 2 ga kowane 2 a tsaye, ya faɗi inda ya ratsa layi da inda ya fi nutsewa, kuma a ɓoye kalkuleta sai ya gama. Wanda ya yi ya ɗauki hoton zanen ya turo wa jarida, in an tara a aiko mini zan duba su ɗaya bayan ɗaya in mayar da gyara.

Allah ya saka da alheri, ya ba yaranmu sa'a.

Wassalam,
Naku, malamin lissafi daga Aboabo, Kumasi